Kada Ki Mayar Musu da Kujerarki, Asma'u

Ƙurban, Madina

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa da 'ya, ina roƙon Ubangijin da ya raya ki a garin Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kiyaye ki a hanya, ya kiyaye ki a masaukinki, ya sa Riyad ta karɓe ki da alheri. Babanki ya ga ina wannan rubutu, ya ce in sa gaisuwarsa a ciki, ko da yake bango ɗaya ne tsakaninku har yanzu.

Na san za ki yi mamakin ganin Hausa. Da gangan na yi. In da Larabci na rubuta, tsayawa za ki yi kina gyara mini nahawu, maganar ta wuce ki. Kina karanta saƙonnin 'yan uwanmu na Kano a waya, don haka ta uwarki ba za ta gagare ki ba. Ki bi ta a hankali.

Ranar da muke kicin muna naɗe sambusar baƙin da suka zo yi miki sallama, kin faɗa mini magana, ban ba ki amsa ba saboda mutane na shigowa. Kin ce kina ganin jami'ar nan kuskure ta yi da ta ɗauke ki koyar da nahawu, tunda cikin waɗanda suka nema akwai 'ya'yan manyan gidaje. Kin ce kina tunanin rubuta musu su ɗaga miki zuwa baɗi, ki ƙara shiri. Sannan kika ce, "Umma, wace 'yar Najadu ce, Balarabiyar yankin Riyad, za ta zauna Bahaushiya ta koya mata Larabci?" Kika kuma ba ni labarin malamar da ta ce miki a wurin ganawa, masha Allah, Larabcinki tsaf, a ina kika koya? Kina faɗa kina dariya. Dariyar nan ita ta hana ni sukuni, domin na san ta. Tawa ce. Ni na fara yin ta tun kafin a haife ki.

Ina 'yar firamare a unguwar Sih, wata yarinya a ajinmu mai suna Nufa ta laƙaba mini suna Fahma, gawayi ke nan. Ranar farko na yi kuka a banɗaki. Da na ga kukan yana ƙara musu daɗi, sai na canza dabara, na fara dariya tare da su. Har ta kai in an kashe fitila ni nake fara cewa ku neme ni, na ɓace. Suka so ni ƙwarai. Na zama mai ba aji dariya, ina ganin na yi wayo, na ƙwace musu sandar. A ƙarshen wata shekara aka shirya wasan kwaikwayo don iyaye mata. Malamarmu ba ta ko tambaye ni ba, ta ba ni matsayin baiwa mai ɗaukar tiren gahawa. Na ƙara gishiri, na karkace baki, na lalata Larabcina da gangan, ɗakin ya ɗauka da dariya. Mutum ɗaya ce ba ta yi ba, kakarki Inna Yalwa, tana zaune a layin baya da baƙin mayafinta.

Muka kama hanyar gida har muka kusa ƙofa. Ta tsaya ta ce, "Hauwa, ubana da ƙafarsa ya tako daga Haɗeja, ya ratsa Cadi da Sudan, ya haye teku don ya ziyarci Manzo. Ba wanda ya sayo shi. Kuma ko da a ɗaure aka kawo shi, kunyar ta wanda ya ɗaure ce, ba ta wanda aka ɗaure ba. Ke kuma yau kin ɗaure kanki kyauta."

Na ji maganar, amma ban daina ba. Na ci gaba da dariyar nan har na girma, har na yi aure, har na haife ku. Abin da ban gane ba shi ne, duk dariyar da na yi, wani abu a cikina yana ɗauka gaskiya suka faɗa. To ke kada ki yi. In magana ba abin dariya ba ce, ki bar fuskarki yadda take. Wadda ta tambaye ki inda kika koyi Larabci, ki ce mata a Madina, inda aka haife ki, aka haifi uwarki da kakarki, sannan ki yi shiru ki dube ta. Shirun zai yi nauyi. Ki bar shi ya yi nauyi, ba ke kika ɗauko shi ba, ba ke za ki sauke mata ba.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai. Kin san Anti Kaltuma mai turaren wuta, ta unguwar Ranuna, wadda take kawo miki humra duk sallah. Kin ɗauka ƙawata ce tun ƙuruciya. Ba haka ba ne, ga yadda muka haɗu.

Lokacin kina goye, ina aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa, ɓangaren masu ciki. Na daɗe a wurin, na san aikin ciki da bai, duk sabuwar nas da aka turo ni ake ba in koya mata. Shugabar asibitin wata likita ce 'yar Masar, Daktora Samira, mace mai faɗa amma mai gaskiya. Da shugabar ma'aikatan jinya ta yi ritaya, sai ta kira ni ofis ta ce ni take so in hau. Na fito kamar an ce na yi sata. Na yi ta tunani: ni ce zan tsaya in ce wa fararen mata ke yi kaza, ke bar kaza? Ranar da na yi kuskure fa? Ai cewa za a yi dama me ake tsammani. Na ga kamar duk yabon da ake mini a wurin sa'a ce kawai, kuma in na hau sama za a gano ban iya komai ba. Na koma na ce mata yarana ƙanana ne, ba zan iya ba, ta ba Latifa. Latifar nan ni na koya mata yadda ake neman jijiya.

Daktora Samira ta dube ni ta ce, "Hawwa, wannan ba tawali'u ba ne, tsoro ne." Na ji haushinta har na yi mako ba na gaishe ta da sakin fuska. Na zo gida na gaya wa babanki cewa na zaɓi kwanciyar hankali, ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, amma na ga bai ji daɗi ba.

Latifa ba muguwa ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Amma ba ta son taron matan Cadi da Sudan da suke zuwa da gurgun Larabci, suna cika benci da yara. A da, duk wadda ta shigo sai na auna jininta kafin a yi maganar takarda. Latifa ta sa doka: ba a taɓa kowa sai an duba iƙama, wato takardar izinin zama, a tebur, kuma kada a ƙara jin wani yare a asibitin ban da Larabci, wai ana damun marasa lafiya. Ban ce uffan ba. Gaskiya ma, har na ɗan ji sanyi a raina, domin ban so a riƙa haɗa ni da su. Ina gani ni 'yar ƙasa ce mai kati, su baƙi ne, kuma in na yi nesa da su wataƙila a manta launinmu ɗaya.

Wata safiya Kaltuma ta shigo, ciki ya tsufa, fuska a kumbure, ƙafafu ba sa shiga takalmi. Mijinta tela ne, ba su daɗe da zuwa daga Cadi ba. Ta dubi fuskokin da ke wurin, ta zaɓe ni, ta matso ta ce da Hausa, "Yaya, kaina kamar zai tsage, idona yana ganin wuta-wuta." Latifa na tsaye kusa. Na amsa mata da Larabci, na nuna mata tebur. A tebur aka ga takardar mijin ta ƙare, ana kan sabuntawa, aka ce ta je ta dawo in ta fito. Asma'u, na san abin da kumburin nan da ciwon kan nan suke nufi. Abin awon jini yana rataye a wuyana. Na bi ta da ido har ta fita ƙofa.

Bayan 'yan kwanaki jijjiga ta kama ta a gida. Aka garzaya da ita babban asibiti. Ta rayu, ɗan bai rayu ba. Namiji ne, na fari.

Na nemi gidansu a Ranuna na je gaishe ta. Ta yi ta godiya, wai ma'aikaciya guda ta tako har ɗakinta. Godiyar nan ta fi mari ciwo. Na ci gaba da zuwa, muka saba, muka zama abin da kika sani. Sai da shekaru suka ja na iya buɗe baki na ce mata na gane halin da take ciki ranar, kuma na yi shiru. Tana haɗa turare, ba ta ɗago ba, ta ce, "Na sani. Na gan ki kin gan ni." Ta ce ta yafe tun tuni, domin ita ma ta ga tsoro a idona, kuma ta yi mamakin mace mai farin kaya da kati a aljihu tana jin tsoro haka.

Rai na Allah ne, ban ce ni na kashe yaron ba. Amma da ni ce a kujerar nan, da ba a sa dokar ba, da Kaltuma ta kwanta a gado a ranar. Na ƙi kujera ina ganin kaina kaɗai na rage wa, ashe kujera ba ta zama babu kowa. In ka ƙi ta wani zai hau, kuma hukuncin da zai yanke a kanta zai sauka a kan mutanenka. Wannan ɗagawa zuwa baɗi da kike magana, na san sunanta, ita ce "yarana ƙanana ne" ɗin da na ce wa Daktora Samira. Baɗi za ki sami wani dalili. A ajin da aka ba ki akwai yarinya baƙa da take zama a layin baya, wadda tun da ta shiga makaranta ba ta taɓa ganin mai kama da ita riƙe da alli ba. Ban san sunanta ba, amma na rantse tana nan. In kin mayar da kujerar, ita kika mayar. Kuma in kin same ta, kada ki tambayi ko 'yar ƙasa ce ko mai iƙama. Wanda ya raina mu ba ya duba kati kafin ya raina, mu ne kawai muke wannan wautar a tsakaninmu.

Akwai kuma abin da na yi miki ke da kanki, kuma shi ya fi wuyar rubutawa, domin a gidanmu uwa ba ta saba ba 'ya haƙuri ba.

Kina aji uku kika dawo kina kuka, wata yarinya ta ƙi riƙe hannunki a layi, ta ce zai shafa mata baƙi. Kin tuna abin da na ce? Ban rungume ki ba. Ban sa abaya na tafi makarantar ba. Na ce ki share hawaye, ki ninka su ƙoƙari, in sun ci tara ki ci goma, ta haka ne kawai za su girmama ki. Kika ɗauka. Shekarar da kika zo ta biyu a aji, kika ɓoye sakamakon a ƙarƙashin katifa, kina tsoron in gani. Da na gano, maimakon in tsorata da abin da na mayar da ke, sai na tambaye ki wace ce ta zo ta ɗaya. A kasuwa in kin yi mini Hausa sai in matse hannunki, har kika daina, kika koma amsa mini da Larabci ko a gida, ni kuma na zo ina ƙorafi wai yaran yanzu sun watsar da harshe. Da bikin 'yar Goggo Rabi ya matso, kina budurwa, ni na sayo man nan na ƙara hasken fata na ajiye miki a kan madubi, na ce zai ɗan goge miki fuska. Ni na zaunar da ke na shafa miki maganin miƙar da gashi har ya ƙona miki ƙeya. Babanki ne ya ɗauki man ya jefa a shara, ya ce 'yarsa ba tukunya ba ce da za a goge. Muka yi kwanaki ba ma magana, ina ganin shi bai san duniya ba.

Na ɗauka sulke nake sa miki. Ashe koya miki nake yi cewa yadda Allah ya yi ki bai isa ba, sai kin biya ƙari kafin a bar ki ki zauna. Shi ya sa yau kina da digirin da babu mai irinsa a danginmu, malamanki sun sa hannu, kwamiti ya zauna ya zaɓe ki, amma kina jira a ƙwanƙwasa ƙofa a ce an yi kuskure. Muryar da take ce miki ba ki kai ba, ki saurare ta da kyau, za ki ji da bakina take magana. Ni kuma daga bakin Nufa da irinta na ɗauko. Ba wahayi ba ce, gado ne mara kyau, kuma na janye shi. Ki yafe mini, 'yata. Kin isa tun ranar da ungozoma ta miƙo mini ke, kafin ki san alif.

Kuma ki sani za ki yi kuskure. Wata rana za ki ɗora wasali inda bai dace ba a gaban aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu tana murmushi. Ki ce ta yi daidai, ki gyara, ki ci gaba da darasi. Malaman da suka koyar da ke sun yi irinsa, ba wanda ya ce a koma a binciki kakanninsu. Kuskurenki naki ne ke kaɗai, irin na kowane ɗan Adam. Ba na Hausawa ba ne, ba na baƙaƙe ba ne, kada ki yarda a ɗora miki mu duka a ka, kada ke ma ki ɗora wa kanki.

Kin san abin da ya sami yayanki Bashir, amma ba ki je ba, bari in gaya miki nawa laifin a ciki. Da ya nuna yana son ƙanwar abokin aikinsa, ni da Goggo Rabi muka je ganin uwar yarinyar. Aka karɓe mu da gahawa da dabino, aka yi ta yabon Bashir, mai salla, mai aiki, mai kunya. Sannan uwar ta ce su dai a gidansu ana duba asali, kuma in an haihu, 'ya'yan wa za su ɗebo? Ta faɗa da murmushi, kamar tana tambayar farashin tumatir. Ta ƙara da cewa kada mu ji komai, ai wanda ya fara kiran salla a garin nan ma baƙi ne. Na miƙe, na ce ta yi haƙuri mun dame su. Goggo Rabi ta ba Bashir labari a mota tun kafin mu bar layin. Ya tuƙo mu har gida a Ƙurban, da ya kashe mota ya juyo ya ce, "Umma, haƙurin me kika ba su?" Allah ya ba shi Safiya, kin ga zamansu, alhamdu lillahi. Amma ya daɗe kafin ya sake kallona yadda yake kallona a da, kuma ba ƙin da aka yi masa ne ya fi ƙona shi ba, sunkuyawar uwarsa ce.

Don haka ki kiyayi ba da haƙuri a inda ke aka cuta. Kuma ki lura da masu kawo miki labarin ladanin farko duk lokacin da suka taka ki. Muna son sa, Allah ya ƙara masa yarda, amma ba sai mun kawo shi shaida kafin a yarda mu mutane ne ba. Wanda ya san darajarsa da gaske ba ya rufe wa jikokin launinsa ƙofa sannan ya ambaci sunansa.

Kada ki ce uwarki ba ta taɓa tsayawa ba. Na tsaya, a makare. Saura kaɗan in yi ritaya, wani mutum ya kawo matarsa allura. Da ya ga ni ce, sai ya ce wa ta tebur, da ƙarfi yadda kowa zai ji, a kira wata, ba ya son abda ta taɓa masa mata. Baiwa. Na rubuta miki da Hausa don ki ji nauyinta, domin a Larabci mun ji ta har ta zama kamar ƙarar mota. Na ji bakina ya fara shirya dariyar nan tawa. Ban san abin da ya hana ta fita ba, wataƙila gajiya. Na ajiye tiren, na ce, "Sunana Hawwa, ni ce a bakin aiki. Ni baiwar Allah ce kamar yadda kake bawansa, ban da shi ba ni da ubangiji. Za ka maimaita abin da ka ce a gaban mudir."

Na kai ƙara a rubuce. Mudir ɗin lokacin, wato shugaban asibitin, ya ce ma'alesh, in yi haƙuri, jahili ne, in bar shi da Allah. Na ce na bar shi da Allah, amma takardar ma a bar ta ta wuce. Aka yi ta jan magana. Wasu abokan aiki suka fara ce mini mai neman fitina, wata da muke cin abinci tare ta koma wani tebur. Mutumin bai taɓa ba ni haƙuri ba, iyakaci an ce ya mayar da fayil ɗin matarsa wani asibiti. Ba wanda ya tafa mini. Amma ranar na dawo gida na ci abinci har na ƙara, kuma ciwon wuyan da na yi shekaru ina shafa wa magani ya sake ni kwana biyu. A nan na gane jiki yana ajiye duk abin da baki ya haɗiye. Hawan jinin da nake shan magani a kansa, ba gishiri kaɗai ya kawo shi ba.

Saboda haka in abu ya same ki a can, kada ki haɗiye. Ki faɗa wa wanda ya yi, in da hali. Ki kai inda ake kaiwa, a rubuce. Ki kira ni, ko Bashir, ko Anti Kaltuma, ita ta fi ni iya saurare. Ki nemi mata irinki a garin, suna nan, a asibitoci da makarantu da ofisoshi, ku riƙa haɗuwa kuna cin abinci kuna magana ba tare da kowa yana auna kalmominsa ba. In kuma kika ji abin ya zauna miki a ƙirji, barci ya ƙi, ki je wurin likitan da ake gaya wa damuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina gaya miki ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ki yi addu'a ki kuma je, kamar yadda kike yi in haƙori ya dame ki. Ba kowa ne maƙiyinki ba, za ki sami irin Daktora Samira, masu gaya miki gaskiya ko ba daɗi. In kin same su kada ki yi fushi da su kamar yadda na yi.

Ba zan ce miki tsoron zai tafi kafin ranar Lahadi da za ki fara shiga aji ba. Ƙarya ne. Zai bi ki har ƙofar aji. Ki bar shi ya bi ki, amma ke ce a gaba. Kada ki fara darasi da cewa ke sabuwa ce a yi miki uzuri. Kada ki rage murya. Ki ɗauki alli ki rubuta sunanki cikakke a allo, har da Hausawi ɗin da ke ƙarshe, da manyan baƙaƙe yadda ta layin baya za ta gani, sannan ki juyo ki buɗe littafi.

Abu na ƙarshe. Babanki da Bashir ne za su kai ki filin jirgi, ni ba zan je ba. Kada ki ɗauka fushi ne. Na san kaina, zan yi kuka, ke kuma na san ki, za ki ga hawayena ki ce Umma ba ta da lafiya, bari in zauna zuwa baɗi. Ba zan ba ki wannan dalilin ba. Lafiyata ƙalau, maganina yana nan, maƙwabta suna nan. Zan yi miki sallama a bakin ƙofa da busasshen ido, abin da zan yi bayan motar ta sha kwana ba ruwanki.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya kare ki daga sharrin mai raini da sharrin mai hassada, ya kare ki daga sharrin zuciyarki in ta ce ki ja da baya. Ya sa albarka a harshenki da allinki, ya haɗa ki da ɗalibai masu jin magana da abokan aiki masu tsoronsa. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya lokacin hutu, ba kafin nan ba. Na yafe miki duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Hauwa